Ranar Da Delyan Ya Yafe Wa Kansa

A duk garin Sliven, Delyan Karov ne kaɗai ya gama sulhu da kansa. Shekara talatin ya yi yana koyar da falsafa, da ya yi ritaya sai ya gano ashe mutum biyu ne a cikinsa, mai haƙuri da mai zafin kai. Ya rungume su duka har suka zama ɗaya. Matarsa Donka ce ke yi wa su biyun wanki.

Mai zafin kan ne ya kira Stamen jaki a gaban jama'a ranar yankan alade, don kawai Stamen ɗin ya ce gishiri ya yi yawa a naman. Stamen kuwa shi ya tsaya musu a coci ranar aurensu, shi ya riƙe 'yarsu Ralitsa a baftisma, kuma bisa al'ada shi zai riƙe jaririnta. Ya rantse ba zai taka cocin ba sai an ba shi haƙuri. Jariri har ya fara haƙori.

Lahadin yafiya ta zo, jajibirin Babban Azumi, ranar da ƙarami ke sumbatar hannun babba ya nemi gafara. Donka ta ƙunsa alewa da lemo ta dire a gaban mijinta.

"Baban Ralitsa, tashi. Kalma ɗaya ce fa."

"Wa zan tura, Donka? Wanda ya yi zagin bai yi nadama ba. Wanda ya yi nadamar bai zagi kowa ba. In na matsa wa ɗaya, na raba abin da na sha wuya na haɗa."

"To ku je tare mana, kujera ɗaya ta ishe ku a bas."

"Kina wasa da abin da ba ki karanta ba. Ni tun da safe na nemi gafarar kaina."

"Sannu da ƙoƙari. Ya yafe?"

"Har da hawaye."

Donka ta ɗauki ƙunshin ta fita. Stamen a hawa na shida yake, ga gwiwarta ta hagu ba ta son matakala. Sau huɗu ta tsaya hutawa.

Stamen ya buɗe ƙofa, ya leƙa bayanta.

"Ina shehin malamin?"

"Baƙo gare shi," in ji ta.

Ta sunkuya ta sumbaci hannunsa, ta roƙe shi gafarar kalmar da ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Ya ce a sa ranar baftisma bayan bikin Ista.

Da ya rufe ƙofa, ta zauna a matakala tana murza gwiwa.