Inabin Gindin Famfo

Duk wanda zai taso daga gida zuwa Riyad, in dai ya san Maiwada, ya san saƙon da za a ɗora masa. Sauran mutane kilishi suke roƙo, ko daddawa, ko yaji, ko garin kuka. Maiwada kuwa ƙasa yake so. Ƙasa dai wadda ake takawa, jar ƙasar gonar mahaifinsa ta Hunƙuyi, a ɗura masa a gwangwanin madara a naɗe bakin da salatif. 'Yan uwan da ke haɗuwa a unguwar Batha ran Juma'a bayan an sauko masallaci sun daɗe da mai da shi abin tsokana. Da ya ɓullo sai ka ji wani yana tambaya saura gwangwani nawa a gama kwaso Hunƙuyi. Shi ko a jikinsa, zai karɓi kayansa ya rungume, ya yi ta godiya.

Direba ne a gidan wata dattijuwar Balarabiya da ake kira Ummu Nasir, can cikin unguwar Utaiƙa, a irin tsofaffin gidajen nan masu tsakar gida. Asibiti, kasuwa, gidajen 'ya'yanta, aikin ke nan. Ɗakinsa na jikin ƙofar shiga, da famfo a wani lungu ta bayansa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin kansa da kowa, amma akwai magana ɗaya da ta tsaya masa a rai tun yana saurayi, kuma ita ce ta jawo duk wannan jigilar ƙasa.

Mahaifinsa, Malam Sha'aban, manomin inabi ne. Gonar ba ta da wani girma, shi da 'ya'yansa ke yin yawancin aikin, amma masu saye daga Kano da Kaduna sun san hanyarta. Tsohon bai yarda da takin zamani ba, bai yarda da feshi ba. Kashin shanu da toka su ne kayan aikinsa, kuma yana cika bakin cewa a ba shi ƙwaya ɗaya ya tauna, zai faɗi abin da itacen ya ci. Wata shekara lokacin aski, wato sa'ad da ake datse rassa don itace ya yi sabon toho, ya miƙa wa Maiwada wuƙa. Yaro ya bi layi guda ya sare rassan da ya kamata a bari. Malam Sha'aban ya karɓe wuƙarsa ya ba Badamasi, yayan Maiwada, ya ce a gaban 'yan ƙwadago da maƙwabta hannun wannan ba na noma ba ne, a nema masa wata sana'a. Aka nema masa tuƙi. Tuƙin ya kai shi Zariya, ya kai shi Abuja, ya kai shi har Riyad, maganar tana biye da shi.

Da ya je hutu ya dawo, sai ga shi da yankakkun rassa naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, Badamasi ya yanko masa a ɓoye. Mafi ƙiba cikinsu ya dasa a ƙasar gida zalla, don a lissafinsa inabin Hunƙuyi ba zai yarda da wata ƙasa ba sai tasa. Da bokiti ya fara, gwangwanaye na ƙaruwa ya koma rabin duro. Sauran rassan sun bushe a hanya, sai wani siriri abin tausayi da ya ji kunyar jefarwa. Ya soke shi a gindin famfo, cikin farar ƙasar nan mai tsakuwa wadda ko ciyawa ba ta fitowa a kanta, ya ce in ya ga dama ya rayu.

Na duro kuwa ya ga gata. A ja shi inuwa da rana, a dawo da shi da yamma. Maiwada ya je kasuwar tumaki ya ciko buhu da kashi ya sa a but ɗin mota, Ummu Nasir ta yi kwanaki tana toshe hanci da gefen mayafi tana tambayar me ya mutu a motar. Da ya gaya mata gaskiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce marigayi mijinta ma haka yake da dabinonsa. Ita ce kuma ta hana shi maimaita kuskuren shekarar farko, da ya yi aski a kan lokacin gida, ƙarshen damina, sabon toho ya fito sanyin Riyad ya ƙone shi ƙurmus. Ta ce a nan sai sanyi ya juya baya ake taɓa itace.

Abokin shawararsa Nafiou ne, kukun gidan da ke maƙwabtaka da su, mutumin Maraɗi, kuma shawararsa ɗaya ce kullum: a sayo farin takin nan a zuba kaɗan kowa ya huta. Maiwada ya ce ko da wasa. Abin haushin shi ne duk wannan hidima na duro bai gode ba. Ganye ya yi rawaya, ya tsaya wuri ɗaya kamar yaron da aka yaye da wuri. Na gindin famfo kuwa, da ba ya samun komai sai ruwan alwala da ragowar takin da aka kakkaɓe daga buhu, ya miƙe ya kama bango ya haye, sai da aka kafa masa rumfa. Maiwada yana yi masa aski duk shekara, don ɗan gidan inabi ba ya iya wuce reshe a karkace, amma yana yi yana harararsa. Bai taɓa ɗaukarsa nasa ba. Ya ɗanɗana 'ya'yansa sau ɗaya, ya ji ba ɗanɗanon gida ba ne, ya bar wa Ummu Nasir da jikokinta.

Ana nan sai Badamasi ya bugo waya cewa Baba zai zo Umara da zarar alhazai sun watse, kuma ya rantse ba zai koma ba sai ya biyo Riyad ya ga inabin da ake ta kwasar masa gona dominsa. Ashe tsohon duk ya sani. Maiwada ya yi murna ƙwarai, don ya daɗe rabonsa da mahaifinsa. Sai da ya ajiye wayar ya juya ya dubi duro, murna ta koma ciki. Nonon inabi biyu ne kacal a jiki, ƙanana, sun yamushe tun ba su nuna ba, ga tsami mai kashe haƙori.

Nafiou ya kawo dabaru iri-iri. A je kasuwar 'ya'yan itace a sayo masu kyau a ɗaure da baƙin zare. Ko a ce tsuntsaye sun cinye. Ko a tsinko na famfo a sa a faranti a ce na duro ne. Maiwada ya ce wanda ya san harshen Malam Sha'aban ba zai fara ba, kuma gara a sake ce masa marar hannu da a ce masa maƙaryaci. Amma fa ya rame a 'yan kwanakin nan, abinci ma sai Nafiou ya tsaya a kansa yake ci.

Da hantsi ya ɗauko tsohon daga tashar bas, kai a aske ƙwal, baki har kunne, yana ta labarin ɗawafi da wani Baturke da ya riƙe masa hannu a cikin turmutsutsu. Ummu Nasir ta aiko da shinkafa da naman rago, da dabino da gahawa. Baba ya ci ya sa albarka, ya kurɓi gahawa ya yamutsa fuska ya ce wannan ai maganin shawara ne. Sannan ya wanke hannu ya ce a kai shi gona.

Gonar ba nisa, tana nan jikin bango. Ya zagaya duron, ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri. Ya danna yatsa a ƙasar, yatsa ya ƙi shiga. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, har sai da ya dafa bango.

"Maiwada, shuka ka yi ko girki? Ka zuba min ƙasa a tukunya ka ɗora a rana, saura gishiri kawai."

Nafiou da ke leƙe ta ƙofa ya tuntsire. Maiwada ya yi yaƙe, kunya ta lulluɓe shi. Baba ya ce jar ƙasa da damina ta saba, ruwan sama ya ratsa ta wata da watanni, in ka raba ta da damina tubali take komawa. Ya tsinki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya runtse ido, ya ce ko ba komai babu takin zamani a ciki, Allah ya yi albarka. Iyakar yabon ke nan, kuma Maiwada ya ji a ransa an sake yanke masa hukuncin da ya daɗe yana gudu.

Aka kira azahar, tsohon ya nemi inda zai yi alwala, aka nuna masa lungun. Ya tsuguna a gindin famfo, ya ji inuwa ta yi masa daɗi, ya ɗaga kai ya ga mai inuwar. Nonna ne ke reto a kansa, 'ya'yan ƙanana, baƙi-baƙi, a cure. Ya ƙarasa alwalarsa tsaf, suka je masallaci suka dawo. Suna shigowa ya zarce lungun. Ya juya ganye ya duba bayansa, ya ce wannan ai jinin gonarsa ne, ko a ina ya gan shi zai gane. Ya tsinka ya tauna, ya ƙara, ya daɗe yana juya shi a baki. Daga nan ya durƙusa ya ɗebi farar ƙasar ya murza, ya ɗan lasa.

Ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Fatar ta fi ta gida kauri, ruwan bai kai na gida ba, amma zaƙin ya taru wuri guda, can ƙarshe kuma akwai wani ɗan gishiri-gishiri da ke sa mutum ya sake miƙa hannu. Uwarsu ɗaya da na Hunƙuyi, in ji shi, amma wannan ya sha wuya a tsakuwa, ya nemi ruwa da kansa, ƙasar nan ta ba shi halinta. Maiwada ya ce ai wannan ba abin a duba ba ne, da kansa ya tashi, shi dai soke shi kawai ya yi.

Tsohon bai saurare shi ba. Yana bin rassa da yatsa, yana tsayawa a kan kowane tabon wuƙa, na bana da na bara da na bara waccan.

"Wa ke yi masa aski?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ce ka bar idon toho biyu a nan, can kuma ka bar da yawa?"

"Babu kowa. Can rana ta fi duka, shi ne na bar masa abin da zai rufe 'ya'yansa."

Malam Sha'aban ya gyaɗa kai, ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan, wataƙila ma da bai yi tunanin ranar ba. Nan Maiwada ya fito da maganar da ta daɗe tana ci masa rai. Ya faɗa a hankali, kansa a sunkuye.

"Ai kai ka ce hannuna ba na noma ba ne."

"Ni? Yaushe?"

Da gaske yake tambaya. Maiwada ya tuna masa shekarar, da layin da ya ɓata, da mutanen da ke wurin. Tsohon ya yi ta lalube, ya tuna layin, ya tuna faɗan da ya yi, amma maganar ko alama. Ya ce shi kullum cika wa mutane baki yake yi da ɗansa na Saudiyya, bai san ɗan yana can yana dakon magana ɗaya shekara da shekaru ba. Dariya ta so ƙwace masa, ya dubi fuskar Maiwada ya haɗiye ta. Ya dafa kafaɗarsa.

La'asar ta same su a ƙarƙashin rumfa. Suka yanko nonna cike da kwano, suka matse a farin ƙyalle yadda ake yi a gida da waɗanda suka fashe ba za su shiga kasuwa ba. Ummu Nasir ta aiko da ƙanƙara, aka mayar mata da kwanon cike da ruwan inabi. Nafiou ya ce a daure a shanye yau ɗin nan, kada ya kwana biyu a zafin Riyad ya canza hali, ya jawo musu abin da ko kafil, ubangidan da ya tsaya musu a ƙasar, ba zai iya fitar da su ba. Baba ya ce ya kwantar da hankalinsa, ko ɗigo ba zai kwana ba, ya miƙa kofi a ƙara masa.

Sai ya ce a kira masa Badamasi, a buɗe murya kowa ya ji. Aka yi sa'a Badamasi yana gona, ana jin maganar ƙannensa da 'yan ƙwadago a gefe. Tsohon ya ce ya tara su duka kusa da wayar, ya jira har aka ce sun taru.

"An ce na taɓa faɗin wata magana a kan Maiwada a gaban jama'a. Ni ban tuna ba, amma tunda a gaban jama'a na faɗa, a gaban jama'a zan janye. Hannun Maiwada na noma ne, na gani da idona, na ji a harshena. Askin bana kada wanda ya taɓa min itace sai ya zo hutu."

Hayaniya da dariya suka cika wayar, Badamasi yana cewa ai shi ya huta, wani ƙane yana tambaya ko yanzu za a dawo musu da ƙasarsu. Maiwada ya tattara kofuna wai zai wanke. Ya tsuguna a gindin famfo ya buɗe ruwa, ya daɗe yana wanke fuska.