Rahoto Bakwai, Majiya Ɗaya

Ranar Alhamis za a rufe jerin ƙauyukan Bwari da za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Ƙa'idar hukumar ita ce, duk ƙauyen da sabon rumbun bayanai ya nuna yana da ruwa, a cire shi.

Hadijatu ce ke kula da rumbun. Wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ke karanta mata tsofaffin fayiloli, kuma ba ta shigar da magana sai da majiya biyu masu zaman kansu.

Ranar Talata, Zacharias na ɗakin fayil ya tsaya a gaban teburinta.

"Madam, kar a cire garinmu. Mamana har yau rafi take zuwa."

"Rahoto bakwai sun ce famfonku yana aiki."

"Ya yi aiki. Ranar da aka buɗe shi."

Ta duba shafin ƙauyen. Manhajar ba ta shigar da famfon ba. Ta rubuta cewa takardu bakwai ne, amma majiya ɗaya. Sai an tantance matsayin famfon kafin a san ko ƙauyen zai zauna a jerin. Hadijatu ta ja Zacharias zuwa ofishin darakta, Malam Umar Farouk, wanda ya sa hannu a biyar daga cikin rahotannin.

"Bakwai ai ya fi biyu," in ji daraktan.

Hadijatu ta ce, "Ranka ya daɗe, a 2017 kaɗai aka je wurin. Sauran kwafi ne, shekara kawai ake canzawa. Hoton ma ɗaya ne. Akwai akuya a gefen famfon, shekara bakwai ba ta motsa ba."

Ya daɗe yana duban akuyar.

"Haka muka tarar ana yi. Rahoton bara shi ke haifar na bana. To, me manhajar take so?"

"Wanda ya je ya gani."

"Ga Zacharias."

"Ta ce ɗan garin ne, a nemo wani."

Zacharias ya ce, "Oga, na'urar ba ta yarda da ni ba?"

"Ni ma ba ta yarda da ni ba, kuma ni ne darakta."

Ranar Laraba aka ba Hadijatu da Zacharias mota. Inda hanya ta ƙare suka taka da ƙafa, tafiyar minti ashirin. Sun tarar da famfon ba hannu, an shanya barkono a kan simintinsa. Hadijatu ta ɗauki hoto mai kwanan wata, ta naɗi bayanin mai gari, sannan ta naɗi na Felicity, ma'aikaciyar jinyar ƙauyen, wadda ba 'yar garin ba ce.

Manhajar ta karɓa. Ta rubuta cewa famfon ya lalace, ta jera majiyoyin a ƙasa.

Ranar Alhamis ƙauyen ya fito na goma sha huɗu a jerin. Daraktan ya sa hannu, ya miƙa wa Hadijatu takardar.

"Sauran fayilolin," ya ce, "ki bari sai na tafi hutu."

Zacharias ya fita baranda ya kira gida.