Yatsu Uku da Littafin Farfesa

Injin guga ne ya cinye min yatsu uku na hannun dama. Irin babban nan mai naɗi, wanda ake zura masa zanin gado ta gaba ya fito ta baya a miƙe. Da can akwai murfin ƙarfe a bakinsa. Manajan gidan wankin da nake aiki ya sa aka kwance, wai yana rage gudun aiki. Na yi magana, ya nuna min ƙofa. Ina da jikoki a gabana, sai na ja bakina na ci gaba da zura zani, har ranar da injin ya haɗa da hannuna.

A babbar kotu aka kayar da ni. Alƙalin bai ce ƙarya nake yi ba. Wani littafi ya jawo mai kaurin bulo, ya karanta, ya rufe. Muna fitowa na tare lauyana a matakala.

"Kai ɗan nan, me mutumin can ya karanta?"

"Mama, doka ba ta fayyace irin wannan ba. In haka ta faru, alƙalai kan duba abin da masana suka rubuta. Wani Farfesa ne ya ce ma'aikacin da ya san da haɗari kuma ya ci gaba da aiki, to ya yarda da abin da zai same shi."

"Ni na yarda?"

"Haka littafin ya ce."

"Yana wurin lokacin da na yarda ɗin?"

Ya sosa ƙeya. "Za mu ɗaukaka ƙara. Sai dai su ma alƙalan can littafin nan ne a teburinsu. Yawancinsu shi ya koyar da su."

Manaja mugu ne na fili, ban ɓata lokaci ina tunaninsa ba. Wanda ya tsaya min a wuya shi ne mutumin da ya zauna cikin sanyin ofis da yatsunsa goma cif, ya rubuta cewa ni na miƙa nawa. Kuma yanzu maganar tana cikin takardar kotu da sunana a jiki.

Na je jami'ar da Farfesan yake koyarwa. Sakatariyarsa ta ce ba a ganinsa sai da alƙawari, sai na zauna a bencin bakin ƙofa har ya fito. Dogo ne, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Na ɗaga masa hannun a fuska, na ce littafinsa ne ya ce na yarda.

"Ayya, sannu Mama," ya ce, yana duba agogo. "Ai ba a kanki na yi rubutu ba. Ƙa'ida ce kawai." Ya waiga wurin sakatariya. "A ba ta ruwa." Ya wuce.

Ban sha ruwan ba. Ina nan zaune ina huci, wata mai goge ƙasa ta iso da bokitinta.

"Yaya, ɗaga ƙafa."

Na ɗaga. Na ce, "Ƙanwata, a ginin nan wa ya fi tsanar mutumin nan?"

Ta yi dariya har ta jingina da sandar gugarta. "Ai sai kin bi layi. Amma hau sama, ƙofar ƙarshe, kusa da ban-ɗaki. Akwai wata a can, Dakta ake ce mata. Ɗalibarsa ce a da. Ta taɓa ja da shi a taro, tun ranar ya danne mata ƙarin girma."

Ofishin Dakta kamar ɗakin ajiya yake, littattafai a ƙasa, fanka na kuka a sama. Siririya ce mai gilashi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta san wannan babin na littafin.

"Kuskure ne, Mama. Shari'o'in da ya kafa hujja da su na masu tseren mota ne da masu hawan dutse, mutanen da suka shiga haɗari don ganin dama. Ba na mai neman abinci ba ne."

"To rubuta."

"Ba ki san shi ba. Zai iya…"

"'Yar nan, ya riga ya ajiye ki kusa da ban-ɗaki. Ina kuma zai kai ki? Ciki?"

Ta cire gilashin ta daɗe tana gogewa.

Daga nan na zame mata kaya. Duk sanda ta shigo ofis sai ta tarar da ni a kujerar baƙi, hannun nan a kan teburinta. In ta ce tana da darasi, in ce ina nan. In ta ce sai ta ƙara bincike, in ce yatsun ba za su tsiro ba, ta yi sauri. Wata rana ta ce tana so ta yi masa adalci a rubutun.

"Yi masa adalci iya son ranki," na ce. "Amma ki sa sunansa. Kar ki ce wasu masana."

Ita ilimi take gyarawa. Ni wuƙa nake wasawa, kuma ban ɓoye mata ba.

Rubutun ya fito a mujallar lauyoyi, lauyana ya haɗa da takardunmu. Ranar hukunci a kotun ɗaukaka ƙara alƙalai na jere a sama, na tsakiya mai furfura yana karantawa. Ba na gane komai sai da na ji sunan Farfesa. Lauya ya sunkuyo kunnena.

"Ya ce da dukkan girmamawa ga malaminmu."

"Mun sake faɗuwa ke nan?"

"A'a Mama. In alƙali ya fara da girmamawa, mari ne ke tafe."

Marin kuwa ya zo. Suka ce rubutun Dakta ya fi ƙarfin hujja, ra'ayin Farfesa kuskure ne, kada wata kotu ta sake dogara da shi. Suka ce wanda aka ba zaɓi tsakanin yunwa da haɗari bai yarda da komai ba.

Lauya na ta bayanin diyyar da gidan wankin zai biya ni. Na ce ya dakata, ya fara ja min layi da jan biro a takardar hukuncin, a ƙarƙashin wurin da aka ce Farfesa ya yi kuskure.

Na koma bencin bakin ofishin Farfesa. Na jira har Farfesa ya fito daga aji, ɗalibai na biye da shi. Na tsaya a tsakiyar hanya, na miƙa masa takardar da yatsu biyun da suka rage min.

"Malam, ban yi makaranta ba. Karanta min inda aka ja layi."

Ya duba, fuskarsa ta canza. "Mama, ai haka ilimi yake, ana yi ana gyarawa."

"To gyara da bakinka."

Cikin ɗaliban babu wanda ya matsa. Mai goge ƙasa ta ajiye bokiti. Ya kalli hagu da dama, bai ga hanya ba. Ya karanta ƙasa-ƙasa, har wurin da aka ce kuskure ne.

"Ƙarar inji ta taɓa min kunne," na ce. "Sake."

Ya sake. Wannan karon muryarsa ta shaƙe a kan sunansa, ya tsaya yana gyaran murya.

Na karɓe takardata na naɗe. Na leƙa ofis wurin sakatariya.

"A ba shi ruwa."