Kifin da Tsohon Direba Ya Soya

Tun da matarsa ta zame a banɗaki ta karye a hannun dama, tsohon direban bai taɓa kunna murhu ba. 'Yarsu ce ke kawo musu abinci in ta tashi daga aiki. Ran nan da la'asar ta bugo waya ta ce aiki ya riƙe ta, su yi haƙuri.

Ya zura takalmi ya fita, ya dawo da kifi biyu gyararru a leda.

"Wa zai soya?" in ji matar.

"Ni mana. Babbar mota ba ta gagare ni ba, sai kifi?"

Ta ja kujera da ƙafa ta zauna a ƙofar kicin, hannun na rataye a wuya. "To Malam, fara tsane masa ruwa da tsumma mai tsabta, in ba haka ba mai zai yi maka wanka."

Ya tsane, ya tsattsaga jikin kifin, ya shafa gishiri da barkono da lemon tsami, ya barbaɗa fulawa. Mai ya yi zafi a kasko. Yana saka na farko ya ji cuuu, ya yi baya ya kare fuska da murfin tukunya. Ta yi dariya har ta dafe hannun mai ciwo.

"Kada ka taɓa shi," ta ce.

"Zai ƙone!"

"In ya soyu, da kansa zai saki kaskon."

Bai saurara ba. Ya zura cokali, fatar ta manne, kifin ya dagargaje. Ya juyo ya dube ta.

"Faɗi, na san yana bakinki."

"Ni na ce wani abu?"

Da ya saka na biyu sai ya haɗe hannuwa a baya, yana leƙen kaskon yana haɗiye miyau, har ta ce, "Yanzu." Ya juya shi lafiya lau, ya yi ja, fatar na ƙyalli.

Ya ajiye mata mai kyan, ya ɗauki dagargajajjen. Ta yi ta fama da ƙaya da hannun hagu, ta kasa. Sai ya sa tabarau, ya jawo farantinta ya shiga cire ƙayar a hankali. Ya ɗebo tsoka ya kai mata baki.

"Haba Malam, da tsufanmu?"

"Buɗe dai, hannuna ya gaji."

Ta buɗe. Tana cikin taunawa 'yarsu ta turo ƙofa da kular abinci, ta tsaya turus. Uwar ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali.

"Baba, kai ka soya?"

"Wanke hannu ki zo," in ji shi. "Akwai sauran wutsiya a kasko."