Bakancen Zunilda

Zunilda Cabañas ta jira sai da sauran 'yan wasa suka fita ɗumama jiki kafin ta cire silifas. Ko ita mai ƙafafun ba ta son kallonsu. Tafin dama ya ɗaye tun daga dunduniya har tsakiya, na hagu kuma bororon da ya fashe ya bar jan nama a fili. Ta naɗe su da bandeji, ta saka safa biyu-biyu, ta cije leɓe ta cusa su cikin takalmi. Da ta miƙe sai da ta dafa bango.

Ranar ce ta wasan ƙarshe a gasar ƙwallon kwando ta kulob-kulob na matan Kudancin Amurka, kuma daga ita an rufe gasar ke nan. Masu kwat da ke zaune a ofis sun ce wai ba ta jan 'yan kallo, su da ba su taɓa zuwa sun ga yadda mutane ke ɗarewa tagogin zaurenmu ba. Sun kuma ce duk kulob ɗin da ya ci bana, kofin ya zama nasa har abada. Tun da aka ƙirƙiro gasar, 'yan Brazil ke zuwa su kwashe kofin kamar kayan gadonsu. Kulob ɗin Ysyry, na unguwarmu ta bakin kogi a Asunción, sau ɗaya ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe, zamanin da ake bugawa a kan siminti a tsakar rana. Kyaftin ɗin wancan lokacin ita ce Ña Blásida Recalde, aka doke su tana ji tana gani. Yanzu ita ce koci, kanta ya yi fari fat, kuma ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta rungumi kofin nan sau ɗaya. Zunilda ce kyaftin ɗinta, kuma duk dabarar wasan a kanta aka gina.

Ƙofa ta buɗe, Nidia Paredes ta shigo ɗauke da fulas ɗin tereré, shayin ganyen nan mai sanyi. Nidia 'yar zaman benci ce, bakinta ya fi hannunta iya jifa. Ta ga guntun bandeji a ƙasa, ta ga yadda Zunilda ke tsaye.

"Ke, Zuni! Ciwon cikin da kika ce wa Ña Blási ya hana ki zuwa atisaye jiya, a ƙafa ya fito miki?"

"Rufa mini asiri, don Allah."

"Caacupé kika je." Nidia ta dafe kai. "Ba takalmi? A wannan kwaltar? Amma dai kin cika mahaukaciya."

Haka ne, can ta je. Da sanyin tsakiyar shekarar nan aka shiga da mahaifiyarta ɗakin tiyata, likita yana magana yana kauce wa idonta. Zunilda ta durƙusa a barandar asibiti ta yi wa Budurwa Maryamu ta Caacupé bakance: in tsohuwa ta fito da rai, za ta taka daga ƙofar gidansu har cocinta da ke can garin Caacupé ranar idinta, ƙafa ba takalmi. Tsohuwa ta fito. A lokacin an sa gasar a watan Oktoba, ba abin da ya haɗa su. Sai masu kwat suka ɗage ta zuwa Disamba, idin ya faɗo daidai hutun da ke gabanin wasan ƙarshe. A garinmu kuwa mutum yana iya yi wa kowa ƙarya, amma ba ya ce wa Budurwa ta dakata.

"In kika faɗa mata, benci za ta ajiye ni," in ji Zunilda. "Wa zai shiga a madadina? Ke?"

"Allah ya kiyaye," Nidia ta ce, ta tsince bandejin ta cusa a aljihu.

Zauren ya cika maƙil, zafi kamar gidan burodi, masu tallar chipa, burodin garin rogo, ma sun rasa wurin ratsawa. Zunilda ta hango mahaifiyarta a layin gaba, ta jingine sandarta a gwiwa tana fifita da kwali. Tun bayan tiyatar ko kasuwa ba ta iya zuwa sai ta huta a hanya, amma ta ce yau ko a baro sai an kawo ta.

Aka hura usur. Da farko zafin wasa ya danne zafin ƙafa. Zunilda ta yi ta jefawa daga nesa, ƙwallo na faɗawa kwando, jama'a na ihu har kwanon rufi na amsawa. Amma ba ta tsalle, ba ta kutsawa cikin dogayen 'yan Brazil ɗin nan yadda ta saba. Duk takun da ta yi sai ta ji kamar garwashi ta taka, can kuma ta fara jin danshi a cikin safa, ta san ba gumi ba ne.

A hutun rabin lokaci Ña Blásida ta miƙa mata ƙoƙon tereré, ta tsare ta da ido har ta zuƙe.

"Me ya sa kike gudu kamar mai ɗauke da ƙwai?"

"Cikin ne bai gama saki ba, Ña Blási."

"To ki ce masa ya jira gobe. Ina son ki shiga ƙarƙashin kwando, kin ji ni? Tsoronki suke ji, ke kuma kin tsaya daga nesa kina musu sallama."

Aka koma. Wasa ya yi zafi, in waɗannan sun jefa waɗancan su rama, ba wanda ya iya tsere wa wani. Da lokaci ya zo gab da ƙarewa, 'yan Brazil na gaba da maki biyu, ƙwallo kuma a hannun Zunilda. Ta ji muryar koci tana tsaga hayaniya: "Shiga! Shiga!" Ta rufe ido ta kutsa. Doguwar da ke tsaron kwando ta bangaje ta, ta kuma sauko da duk nauyinta a kan ƙafar dama. Zunilda ta zube, usur ya tashi. An ba ta jifa biyu, ba mai tare ta. In duka suka shiga, an yi kunnen doki, a ƙara lokaci, kuma a kakar nan da wuya a tuna ranar da ta ɓarar da irin wannan jifa.

Ta miƙe ta taka zuwa layi. Sai ta ga alƙaliyar wasa ba ita take kallo ba, katako take kallo. Jan sawu ne, ɗaya bayan ɗaya, tun daga inda ta faɗi har inda take tsaye. Farin takalminta ya rine daga gefe. Dokar kowa ya san ta: mai zubar jini ba ta tsayawa a fili, in jinin bai tsaya ba wadda ta canje ta ce za ta yi jifan.

Ña Blásida ta nemi ɗan hutun da ya rage mata. Ta durƙusa da kanta ta kwance igiyar takalmin, ta zare safa, bandejin ya biyo ta da fata. Mai ba da magani ya danna auduga, ta jiƙe, ya sake wata, ita ma ta jiƙe. Koci ta daɗe tana kallon tafin nan. Ba ta buƙatar a faɗa mata, duk 'yar ƙasar nan ta san irin wannan ƙafa a watan Disamba.

"Caacupé," ta ce a hankali. "Ba ki iya ce mata ta jira Janairu ba?"

"Ke za ki iya ce mata haka, Ña Blási?"

Haushi ya cika kocin. Ta juya ta ce, "Nidia, tashi."

Nidia ta shiga fuskarta ba jini. Zauren ya yi tsit. Ta jefa ta farko, ta daki allo ta faɗa ciki, mutane suka ɓarke da ihu suka sake yin shiru. Zunilda ta damƙe gefen benci, ƙafafunta a kan tawul. Ta biyu ta zaga bakin kwando, ta yi kamar za ta shiga, ta fito. Doguwar ta cafe ta rungume har aka hura tashi.

Zunilda ba ta ga yadda aka ba da kofin ba. Ta dai ga bayan Ña Blásida, tana tsaye ita kaɗai a bakin layi tana tafa wa 'yan Brazil, kamar yadda aka ce ta yi wancan karon. Wannan ya fi ƙafar yi mata ciwo.

Ƙarar sanda a kan katako ta sa ta ɗago. Mahaifiyarta ce ta ratso fili da kyar, tana haki. Ta zauna a benci, ta ɗora ƙafafun 'yarta a cinya, ba ta damu da rigarta ta zuwa coci ba.

"Saboda ni ne wannan?"

Zunilda ta gyaɗa kai, kuka ya ƙwace mata. "Na jawo mana asarar kofi, Mama."

"Uhm." Tsohuwa ta ɗauki kwalinta ta shiga yi wa ƙafafun fifita. "Ni ma fa na yi wa Budurwa nawa bakancen, ban faɗa miki ba. Na ce in kuka ci kofin nan, baɗi zan taka har Caacupé da ƙafata."

Zunilda ta dubi sandar, ta dubi ƙirjin da har yanzu ke sama yana ƙasa don ratsa filin wasa kawai.

"Da kin je ɗin?"

"Da na fasa?" in ji tsohuwa. "Juyo ɗayar in gani, wannan ta daina zuba."