Tukubar Shitu a Gindin Maɗaci

Duk wanda ya san kasuwar Yako ya san maɗacin da ke bakinta, wanda ya ɗara kowace bishiya a garin tsawo, ya kuma san tukubar Shitu mai tsire da ke gindinsa. A gefen tukubar yayarsa Luba take ajiye kwandon gurasarta, don mai sayen tsire ba ya rasa neman mahaɗi. Shekara tara suna haka, kuma a shekara taran nan babu ranar da ba ta yi masa faɗa ba, galibi a kan bakinsa.

Bakin ne ya jawo wannan ma. Mako biyu da suka wuce akuyar wani makiyayi mai suna Hamma ta ɓata, aka fara ƙus-ƙus cewa a tukubar Shitu ta ƙare. Maimakon ya ce a je a tambayi mahautan da yake sarin nama a wurinsu, sai gogan ya hau benci a tsakiyar kasuwa, ya bugi ƙirji ya ce in shi ya taɓa akuyar nan aradu ta faɗa masa. A tsakiyar damina fa. Liman ya kira shi ya ce Musulmi ba ya rantsuwa sai da Allah, Shitu ya ce ya tuba, amma magana ta riga ta zaga gari. Luba ta san ƙanenta ba ɓarawo ba ne. Mutumin da tun yana yaro ko mangwaron maƙwabta ya tsinka sai cikinsa ya ɗuri ruwa, ina shi ina jan akuya daga ruga? Wauta ce dai aka auna masa da babban mudu.

Ranar kasuwa, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Masu tumatir suka kwashe, masu atamfa suka naɗe, aka fara cida. Luba ta rufe gurasarta da leda, ta ce wa Shitu ya tsame tsinkayensa ya kashe wutar su bar gindin bishiyar nan. Ya ce ba inda za shi. Ta ɗauka cinikin yake wa kwaɗayi, sai da ta bi idonsa ta ga abin da yake kallo. Mutane sun cika barandar shaguna, babu mai niyyar tafiya gida, duk sun zuba wa maɗacin ido. Hamma na cikinsu, ya dogara da sandarsa.

"Yaya, in na tashi yanzu na zama ɓarawo," in ji shi. "Gaskiyata ce za ta tsare ni."

Ran Luba ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna masa shanu biyun da aradu ta kashe bara a gindin ɗorawa a hanyar Tiga, ta tambaye shi ko su ma akuyar wani suka sata. Ta ce aradu ba alƙali ba ce, abin da ya fi tsawo take nema, kuma duk Yako babu abin da ya kai maɗacin nan. Shitu ya ce ita mace ce, ba za ta gane zancen mutunci ba.

Ruwa ya fara sauka da manyan ɗigo, garwashin ya soma tsuwa yana hayaƙi. Abin da Shitu ya yi daga nan shi ya ƙarasa ta. Ya jawo wani tsohon fallen kwano da yake kare iska da shi, ya ɗaga shi sama da hannu biyu a kan wutar kada ta mutu. Ga shi nan tsaye cikin ruwa ba takalmi, ƙarfe a bisa kai, a gindin bishiyar da ta fi kowace tsawo, yana murmushi wa 'yan baranda. Aka yi walƙiya, kafin Luba ta rufe ido ta buɗe ƙarar ta biyo. Ta san abin ya matso.

Roƙo ya ƙi, zagi ya ƙi, kuma ba ta da ƙarfin jan ƙato irinsa. Sai ta bar gurasarta a nan, ta sunkuci babban farantin da ya jera ɗanyen tsiren, naman da ya kwashe hantsi yana yanka yana shafa wa ƙuli, ta nufi kwalbatin da ruwa ya fara gudu a ciki. Ta karkata farantin har tsinke biyu suka zame suka bi ruwa.

"Ka zo ka karɓa, ko wallahi duka su bi su."

Ya san in ta ce wallahi ta gama. Ya yi jifa da kwanon ya biyo ta a guje yana kiran Yaya, Yaya. Ita kuwa ta yi gaba da farantin har cikin shagon Idris tela, ginin bulo ne mai ƙofa. Yana shiga ta tura ƙyauren ta jingina bayanta da shi. Ya yi ta masifa, ya ce ta kunyata shi a bainar jama'a, ya ce yanzu-yanzu zai koma. Ita kuwa ba ta matsa daga jikin ƙyauren ba.

Bai kai ƙarshen masifar ba shagon ya haske fari fat, ƙara ta tashi wadda ta sa Idris ya faɗo daga kan kujerar kekensa yana salati. Da kunnuwansu suka dawo, suka leƙa ta taga. Wani babban reshen maɗacin ya tsage tun daga sama, ya rufto a kan tukubar, tururi na tashi daga ƙarƙashinsa.

'Yan baranda suka yi cirko-cirko suna kallon tukubar. Can wani ya ce, da muryar da kowa zai ji, ai aradun ta zo neman Shitu ne ba ta same shi ba. Hamma kuwa kai kawai ya gyaɗa, kuma gyaɗawar ta fi maganar ciwo.

Shitu ya zauna a kan tarin ƙyallaye ya dafe kai. "Kin kashe ni, Yaya. Da ina wurin ba za ta faɗo ba. Yanzu wa zai ƙara sayen namana?"

Luba ta dube shi, jiƙe sharkaf, da ransa, da bakinsa, yana ba ta laifi. Ta so ta kwaɗa masa farantin a ka, amma sai ta dire shi a ƙasa.

"Su kira ka ɓarawo har su gaji," ta ce. "Ni dai gobe ba zan shimfiɗa tabarma in karɓi gaisuwarka ba."

Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta, ta ce wa Idris ya ba shi tsumma ya goge jikinsa, yana jiƙa wa mutane ɗinki.