Diskin da ke Cikin Adakar Hajja Bintu

Ranar Talata da hantsi wutar lantarki ta ɗauke a unguwar Briketeri ta Yawunde, sannan ta dawo da ƙarfin da ba wanda ya roƙe ta. Farar kwamfutar Rahinatu Zinariya ta yi ɗan ƙara, ta tura ƙaurin roba, ta mutu. Rahinatu ta danna, ta sake dannawa, ta zare waya ta mayar, har da hura mata iska da baki kamar mai tayar da garwashi. Ko gezau.

Shagonta ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin wani tela da masu gashin soya, wato tsire, nan take buga wa mutanen unguwa wasiƙu da takardun neman aiki. Da a ce wasiƙu kaɗai suka salwanta da sauƙi, wasiƙa ana sake ta. Sai dai tun kafin ƙaurin ya gama fita daga shagon, Baffa Haman ya yi sallama.

Haman dattijo ne, ɗan wani ƙauye can bayan garin Mora, a bakin iyaka. Shekara biyu da suka wuce, ana tsakiyar tashin hankalin Arewa, ya kawo 'yarsa Aisatu Yawunde wurin ƙanwarsa don ta yi karatu. A lokacin ya shigo shagon nan da takardar haihuwar yarinyar a naɗe cikin leda, ya ce a kwafa masa. Rahinatu, wadda ba ta fi mako da sayen sabuwar na'ura ba kuma tana ji da ita, ta ce ya bar wahalar da kansa da tarin takardu, za ta ɗauki hotonta ta sa a ciki, duk ranar da yake so sai ya zo ya karɓa. Ya yarda, ya koma gida da ta ainihin. Wata bakwai bayan haka aka ƙone ƙauyen, da gidansa, da ofishin da aka rubuta takardar. Ya dawo Yawunde da rigar jikinsa.

"Ɗiyata, direktan lekol, shugaban makarantarsu, ya ce ranar Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa," in ji Haman, yana zama a kan benci. "Ya ji tausayinmu. Ya ce ko kwafin akt ɗin Aisatu, takardar haihuwar nan, aka kawo zai karɓa, muddin lamba da hatimi sun fito. Na sa Aisatu ta faɗa masa ai tana wurin ajiya."

Rahinatu ta saci kallon matacciyar na'urar. Amma ta tuna tana da madogara, sai ta ce, "Kuran, wato lantarki, ya ɗan taɓa na'urar, Baffa. Akwai diskin ajiya. Ka dawo gobe bayan la'asar."

Ya tafi yana sa mata albarka, ita kuwa albarkar nauyi ta yi mata.

Yadda aka yi ta sayi na'urar nan, laifin wani allon talla ne da aka kafa a mararrabar unguwar Messa. An zana wata mata mai haƙora farare tas, takardunta na tashi sama cikin iska, ita kuwa tana dariya, yatsanta ɗaya a kan maɓalli. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa wannan na'ura ba ta mantuwa, abin da ka rasa jiya ka danna ya dawo yau. A talabijin ma haka: matar ta goge abu, ta dafe ƙirji, ta danna, komai ya dawo, aka saki kiɗa. Duk Briketeri an sha dariyar tallar. Tela maƙwabcinta ya ce in dai gaskiya ne a dawo masa da ƙuruciyarsa. Rahinatu ta yi dariya tare da su, sannan ta je ta saya a asirce, don mai dariyar talla ma yakan zama mai ciniki.

Wanda ya sayar mata shi ne Shamsuddin Najib, mai shago a Messa, mutum mai ƙamshin turare da zaƙin baki. Ya haɗa mata da wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, ya jona shi, ya danna abin da zai danna, ya ce, "Shi ke nan, Madam. Duk rayuwarki tana cikin wannan. Ki kula da shi kamar idonki."

Ita kuwa ta kula da shi yadda aka koya mata kula da abu mai daraja. A gidansu ba a barin zinare a kan tebur. Ga ɓarayi, ga kuma lokacin da ake ciki, ana yawan samame a unguwa, duk wanda aka gani da wata na'urar da ba a gane ba sai ya sha tambayoyi, balle mai ɗauke da takardun mutanen Arewa. Tun a ranar ta zare diskin ta kai wa mahaifiyarta, Hajja Bintu, wadda duk dangi ke ba ajiya. Hajja ta naɗe shi a cikin kallabi, ta sa a kwano mai murfi, ta sauke can ƙasan adakarta ta ƙarfe tare da sarƙoƙin aure, ta kulle, ta ɗaure makullin a haɓar zane. Shekara biyu ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Da yammacin Talatar Rahinatu ta je karɓa. Hajja ta fito da shi yana ƙamshin turaren wuta, tana alfahari. "Duba ki gani, ko ƙwarzane babu. Ajiyata ba ta taɓa ciwon kai ba."

Washegari ta ɗauki gawar kwamfutar da diskin ta hau babur zuwa unguwar Madagaskar, wurin Yuguda mai gyara. Ta kira Shamsuddin ta ce lallai ya same ta a can. Nan ta yi kuskure na biyu, don haɗa waɗannan mutum biyu a ɗaki ɗaya kamar haɗa zakaru biyu ne a akurki.

Yuguda ya buɗe cikin na'urar, ya shinshina, ya girgiza kai. "Adda, diskin ciki ya soye. Wannan ko an kai shi ƙasar da aka ƙera shi, addu'a kawai za su yi masa." Ya ɗaga kai ya ga Shamsuddin na shigowa, sai ya ƙara murya. "Abin da nake faɗa kullum ke nan. Ku sayi fari don kyau, in ya mutu ba mai iya taɓa shi."

"Kai dai gyara ka iya, ba ka san sistem ba, tsarin da ke tafiyar da na'ura," in ji Shamsuddin, yana kaɗe kujera da hankici kafin ya zauna. "Wannan duk awa ɗaya yake yin sobgad, ya kwafe komai ya adana, da kansa. Da kansa, ba sai an roƙe shi ba. Wancan sistem ɗin da kowa ke amfani da shi, sai ka shiga nan ka fita can, ya tambaye ka sau goma, ka gaji ka bari. Naka na kyauta kuwa, sai mutum ya rubuta masa umarni da hannu kamar mai rubutun sha."

"Gara in rubuta da hannuna in san abin da na ajiye da inda na ajiye shi. Naka yana yi a ɓoye, in ya daina ma a ɓoye yake dainawa."

"Yana faɗa. Yana fito da saƙo."

"Da wane yare? A wane lungu na allo?"

"To ai akwai na intanet, a ajiye maka a sama."

"A Briketeri? Da wannan rezo da sai ka hau kan katanga kafin wayarka ta kama?"

Rahinatu na zaune tana kallon su, ranta na tafasa. Ga yarinya can jarrabawarta na rataye da kwana biyu, ga ƙarti biyu suna musun wane doki ya fi gudu alhali gida na cin wuta. Ba abin da ya fi ba ta haushi irin yadda kowannensu ke jin daɗin musun. Ta buga tafin hannunta a kan teburin har ƙananan kusoshi suka yi tsalle.

"Ban zo sauraron wa'azi ba. Ga diski, ku buɗe shi."

Shamsuddin ya karɓa da murmushin wanda zai ba maraɗa kunya. Ya fito da tasa farar na'urar daga jaka, ya jona. Allo ya kawo. Ya danna, ya ja ƙasa, ya sake ja. Murmushin ya fara tsinkewa.

Kwanan wata ɗaya tak ne a ciki, ranar da ta sayi na'urar. A ƙarƙashinsa akwai wasiƙar gwaji mai layi biyu, da hoton Shamsuddin kansa da ya ɗauka don ya nuna mata yadda kyamara ke aiki, ya washe baki.

"Madam," ya ce a hankali, "yaushe rabon da ki jona wannan diskin?"

"In jona shi da me? Yana cikin adakar Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce in kula da shi kamar idona."

Yuguda ya sunkuyar da kai yana wasa da sukudireba, shi ma musun ya fita daga ransa.

"Ai dole ya zauna a jone," in ji Shamsuddin. "Ta waya yake sha. Wannan kowa ya sani. C'est évident, a fili yake."

Da ya yi shiru da ya fi masa. Rahinatu ta miƙe.

"Kowa ya sani? Wane kowa? Matar da ke kan allonku ta Messa, ka ga waya a jikinta? Na wuce allon nan ya fi sau ɗari, ban ga waya ba, ban ga akwati ba, haƙora kawai na gani. Kun ce ba ta mantuwa. Ba ku ce ba ta mantuwa in an bar mata wutsiya a jone ba. Kai da bakinka ka zauna ka yi mini bayanin kyamara rabin awa, ka ɗauki hoton kanka, amma kalma ɗaya a kan wayar nan ta gagare ka. A gidan uban wa ake barin ajiya a fili kusa da abin da ake jin tsoron ya ƙone?"

"A nan kam tana da gaskiya," in ji Yuguda. "Da yana jone jiya, watakila da shi ma kuran ya tafi da shi. Biyu ake yi, ɗaya a jone, ɗaya a adaka, ana musanyawa."

"Yanzu kake faɗa mini? Ihu bayan hari."

Shamsuddin ya fara cewa yana cikin littafin da ke cikin kwali, shafi na kaza. Ta dube shi har ya haɗiye sauran. Amma a kan babur, tana komawa da gawar na'urar a cinya, fushin ya juyo kanta. Ta zagi allon, ta zagi mai turare, ta zagi wutar lantarki, duk ta gama, sai ta tarar saura mutum ɗaya. Ba allon talla ne ya hana Haman kwafinsa ba. Ita ce ta karɓi maganar allon ta maimaita wa dattijon da bai iya karatu ba, da bakinta, cikin harshen da ya yarda da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma ba ita za ta biya ba.

Bayan la'asar Haman ya zo, ya sa wankakkiyar riga saboda daga nan makarantar zai wuce. Rahinatu ba ta yi kwana-kwana ba. Ta durƙusa a gaban bencin ta faɗa masa komai, har da adakar, har da cewa ita ce ta hana shi kwafi a ranar. Tana magana hawaye na zuba, tana jin haushin hawayen, don ba ita ta cancanci kuka ba.

Haman ya saurare ta har ta gama. Hayaƙin soya na shigowa ta ƙofa, keken tela na ta sukuwa a maƙwabta.

"Wancan na adaka babu komai a ciki," ya ce, kamar mai bitar karatu. "To na cikin na'urar, wanda ya ƙone. Takardar ta shiga cikinsa?"

"Ta shiga, Baffa. Da hannuna na sa ta."

"Tana ciki har yanzu?"

"Mai gyara ya ce ba za ta fitu ba."

"Ban ce ta fito ba. Tana ciki?"

Rahinatu ta ce, "Watakila tana ciki."

"To ba ni shi."

Ta ciro ɗan ƙarfen da Yuguda ya kwance daga cikin na'urar, gefensa ya yi baƙi, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya goge toka da babban yatsa, ya zura shi a aljihun gaban rigarsa. Nauyinsa ya ja wuyan rigar ƙasa.

"Zan kai wa direkta ya gani da idonsa," in ji shi. "Kada ya ɗauka ƙarya na yi masa. Ya san yarinyar nan an haife ta, kuma an rubuta."

Ta buɗe baki za ta ce masa ba direktan da zai buga hatimi a kan ƙonannen ƙarfe. Ya riga ya kai bakin ƙofa, yana tafe a hankali, hannunsa ɗaya dafe da aljihun kada abin ya faɗi.

Rahinatu ta ja ƙofar shagon ta datse kwaɗo, ta gyara mayafi, ta bi bayansa da sauri. Haman ba ya jin Faransanci, dole wani ya tsaya a gaban direkta ya faɗi wanda ya yi laifin.